Yatsu Kawai

Daga shugaban makaɗan jami'a,
zuwa ga tsohuwar ɗalibata, malamar kiɗa ta ƙaramar sakandare.

Assalamu alaikum, Gaggawa.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaranki na gida da na makaranta. Kada ki ɓata rai don na kira ki da tsohon sunanki. Ko shugabar makaranta kika zama, a wurina ke ce dai yarinyar nan da ke riga kowa kai ƙarshen waƙa, ta zauna tana jiran saura. Kin san ni da waya ba ma shiri, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na farko godiya. Ranar wasanmu a zauren jami'a kin cika min layukan gaba da yara tsaf, kowa da akwatin kayan busarsa a cinya. Na ga wani ɗan firit da ya toshe kunnuwa lokacin da manyan ƙahonni suka shigo, can kuma ya saki kunne ɗaya don kada a yi babu shi. Ɗalibaina sun ce ba su taɓa samun masu sauraro irinsu ba. Manya in sun zo, tari suke yi da duba agogo.

Na biyu ban haƙuri, kuma shi ne dalilin takardar. Kin san yadda nake rufe wasa. Yara su hau dandamali su zauna kusa da manya, mu busa waƙa ɗaya mai sauƙi tare, kuma kafin a fara in zaɓi yaro ɗaya ya ba da sautin da kowa zai daidaita kayansa a kai. Na daɗe ina yin haka, yara suna murna, ni ma ina jin kaina wani mutumin kirki. Yarinyar nan taki mai tabarau, mai sarewa, ba da ka na zaɓe ta ba. Lokacin da ƙananan ƙungiyoyi ke wasa ina zaune a gefe, ina kallonta. Yatsunta suna bin masu sarewata a kan murfin akwati, ba ta kuskure ba. Na ce a raina, yau na tsinci dami a kala.

Sauran kin gani da idonki. Ta tsaya a gaba, ta ɗora sarewa a leɓe kamar da ita aka haife ta, ta jera yatsu daidai. Muka jira, babu abin da ya fito. Na ce mata ta sake, a hankali. Ta sake jerawa, ƙirjinta ko motsi bai yi ba. Wani daga baya ya yi dariya, saura suka kama. Ni kuma, da furfurata da komai, maimakon in rufa mata asiri sai na juya na ce wa jama'a yau sarewar fushi take yi da mu. Aka sake kwashewa da dariya. Na ga idonta ta cikin tabarau a lokacin, kuma har yanzu ina ganinsa.

Da na ba matata labari, cewa ta yi girma ya faɗi, ta tashi ta bar ni da shayina. Gaskiyarta. Na ɗauki ’yar mutane mai kunya na tsayar a gaban zaure cike da baƙi, don a ce tsoho ya iya zaɓe.

Ki ba ta haƙuri a madadina, ki gaya min halin da take ciki. In kina ganin ya dace in zo da kaina, ƙafata ba ta ƙi ba.

Ki gaida kowa da kowa.
Malaminki, tsoho mai sandar jagorancin makaɗa.

*

Zuwa ga Malam.

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ’ya da uba, ina fatan Malam da Mama da jikoki kuna cikin ƙoshin lafiya. Takardarka ta iso, na kuma gode da karamcin da aka yi mana.

Yara har yau ɗokin wasan bai sake su ba. A motar dawowa masu ganga suka mai da bayan kujeru abin kiɗa, sai da direba ya tsaya ya rantse zai sauke su. Ɗaya ya tambaye ni ko masu busa babban ƙaho ana ƙara musu abinci. Wata ta ce in dai a jami'a ba a yin lissafi, ita ta gama zaɓar abin da za ta karanta. Yanzu ko ban yi magana ba suna gyara zama, suna ɗaga kayan busa tare kamar yadda suka ga manya sun yi. Abin da na yi shekara ina faɗa, kun koya musu a yini ɗaya.

Game da yarinyar, don Allah Malam kada ka ɗora wa kanka. Mai kunya ce, kuma irin haka yakan faru ga yaro in ya ga taro. Barkwancin ne dai wataƙila ya ɗan yi mata nauyi, amma kowa ya san ba da mugun nufi ka yi ba. Na isar mata da saƙonka ta bakin malamar ajinsu.

Ba zan ɓoye maka ba, tun ranar ba ta shigo ɗakin kiɗa ba. Tana zuwa makaranta, ina hango ta tana wucewa ta bakin ƙofa da littattafai a ƙirji. Shugaban makaranta yana da doka, duk yaron da ya daina zuwa a karɓi kayan busar a ba wani, domin kayan na makaranta ne kuma masu jira suna da yawa. Ya riga ya tambaye ni sarewar. Na ce a ɗan saurara.

Ba sai ka wahalar da kanka da zuwa ba. Hanyarmu ba ta da kyau, kuma ganinka zai iya tayar mata da abin. A bar ni da ita.

Ina neman afuwar gajartar takardar, ayyuka sun yi yawa. A gaida Mama.

Ɗalibarka.

*

Zuwa ga Malamar kiɗa.

Assalamu alaikum Malama, ina gaisuwa, ya aiki, ya fama da yara. Allah ya ba da lada.

Ni ce mahaifiyar Shalele, wato mai tabarau ta ajin sarewa. Sunan da muke kiranta ke nan a gida. Ki yi haƙuri ban zo da kaina ba. Ma'aikaciyar jinya ce ni, aikin dare nake yi, lokacin da kike makaranta ni ayyukan gida sun sha min kai. Zan bar wannan a hannun mai gadinku in na kawo ƙannenta.

Ba ita ta gaya min abin da ya faru a jami'a ba. Ta dawo ta ce wasa ya yi kyau, ta yi wanke-wanke, ta kwanta. A bakin ’yar maƙwabciyarmu na ji, ita ma tana ajinku, mai ganga ce, kuma bakinta ya fi gangar ƙara. Malama, na ji kunya. Yarinyar nan ta kunyata ki a gaban manyanki, amma wallahi ba laifinta ba ne. Nawa ne, kuma gara ki ji daga bakina.

Gidanmu ɗaki biyu ne da falo, bangon kuwa in maƙwabci ya yi atishawa sai mu ce masa sannu. Ina dawowa da safe, in shirya yara, in yi wanki, in ɗora girki. Ba na samun kwanciya sai rana ta take, daidai lokacin da Shalele ke dawowa. Farkon da kika ba ta sarewar, da gudu take shigowa, ko kayan makaranta ba ta cirewa sai ta hau busa. Ba zan yi miki ƙarya ba, sautin kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Na yi ta daurewa. Wata rana na dawo daga wani dare da ba na son tunawa, mun rasa majinyaci a hannuna, ina fara runtsawa ta fara. Na fito na yi mata tsawar da ban taɓa yi wa ɗa ba. Na ce, "Ki yi da yatsu kawai. In kin je makaranta kya hura."

Shi ke nan. Kin san ta, ba a faɗa mata magana sau biyu. Da yamma babanta yana jin labarai, da magariba maƙwabta suna da jariri, to yaushe? Sai ta zauna a bakin gado gaban madubin kabad, ta ɗora sarewa a baki, ba ka jin komai sai ɗan ƙas-ƙas na maɓallai. Har daɗin ƙarar nake ji, tana sa ni barci. Duk lokacin da zuciyata ta so ta dame ni sai in ce mata, ai tana hurawa a wurin Malama. Ranar rabon kyaututtuka ma na hana idona barci na zo, na gan ta a layi tana busawa da ’yan uwanta, waƙa tana fita sumul. Na yi hawaye, na ce ashe ban cuce ta ba. Hoton yana nan na manna a jikin firij.

Yanzu na gane busar makaranta kaɗai ba ta isa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ba ya hurawa a gida, in an tsayar da shi shi kaɗai dole numfashi ya gudu.

Shekaranjiya ta goge sarewar tas, ta sa a akwati, ta ce in mayar miki, wai a ba wanda ya iya. Ban kawo ba, tana saman kabad. Roƙona biyu ne. Ki roƙar mana shugaba ya ƙara mana lokaci, sannan ki kira ta ki yi mata magana. Ni ta daina jin tawa a wannan zance, kuma tana da gaskiya. Ke kuwa a gidan nan in aka ce "Malama ta ce", an gama. Har ɗaurin ɗankwalinki take kwaikwayo.

Ki yafe mana. Allah ya bar zumunci.

Maman Shalele.

*

Zuwa ga Malam.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman Malam ya zauna kafin ya karanta wannan.

Takardar da na aiko maka kwanaki ba gaskiya ba ce. Babu ƙarya a cikin kalmominta, amma gaba ɗayanta ƙarya ce. Ka ba ni haƙuri na karɓa, har na ƙara maka da cewa barkwancinka ya yi nauyi. Yanzu kuma mahaifiyar yarinyar ta rubuto ita ma tana ba ni haƙuri. Mutum biyu sun durƙusa min a kan abin da ni na yi. Abinci ya daina shiga, maigidana har ya fara tambaya ko za mu je asibiti.

Ga yadda abin yake. Shugabanmu ya daɗe yana zawarcin ɗakin kiɗa, yana so ya mai da shi sito. Abin da ke kare ni shi ne ranar rabon kyaututtuka, in iyaye suka ga yara cike da dandamali kuma waƙa ta fita da daɗi. Yawa nake bukata da daɗi a lokaci guda, kai kuwa ka san yaran shekarar farko ba sa ba da duka biyun. Sai na yi dabara. Waɗanda sautinsu bai nuna ba na ce su riƙe kaya, su motsa yatsu, kada su hura. A raina ina kiransu ’yan ado. Muna da alama da su, in na taɓa ɗan kunnena, to a yi shiru. Da farko don ranar taro ce kaɗai. Daga baya ya zama har a gwaji, domin lokacinmu kaɗan ne kuma ƙarar tana rikita saura. Kullum ina cewa zan ware musu rana su kaɗai, ranar ba ta zo ba.

Shalele, haka ake kiranta a gida, ita ce ta fi kowa biyayya a cikinsu. Sauran sukan saci busa in na juya baya, ita ba ta taɓa ba. Na ga yatsunta sun fi na kowa, sautin kuwa duk sanda na gwada ta iska ce kawai. Sai na yanke cewa tana yi a gida bai yi ba, wato Allah bai ba ta ba. Yanzu uwar ta gaya min a gida ma an hana ta hurawa saboda barcin aikin dare. Ta ce mata ta hura a makaranta. Ni kuma kullum in an tashi ina ce mata, a dage da busa a gida. Malam, yarinyar nan ta kusa shekara da sarewa a hannu, babu ɗaki ɗaya a duniya da aka yarda ta hura. Kuma ba ta taɓa kai ƙarar ɗayanmu wurin ɗaya ba.

Saura mafi muni. Lokacin da ka nuna ta, ba ita na tuna ba, kaina na tuna. Na ga zaure cike, na ga ɗalibanka, na gan ka da sanda, na ji irin sautin da zai fito a ce wannan ɗalibar Gaggawa ce. Ta ɗora sarewa, ta juyo da fuska wajen da nake zaune. Sai na ji hannuna a kan ɗan kunnena. Ba zan ce ban sani ba. Na sani, kuma da ka ce ta sake, ban sauke ba. Na zaɓi a ce tana da kunya a kan a ce ban iya koyarwa ba.

Saƙonka ma da na ce na isar ta bakin malamar ajinsu, don na kasa haɗa ido da ita ne. Cewa da na yi kada ka zo, tsoro ne kada ka tambaye ta ta gaya maka.

Uwar tana roƙona in kira ta in ƙarfafa mata gwiwa. Da wane baki? Shugaba kuma ya sake aiko a kawo sarewa. Ka gaya min abin da zan yi, ko zagi ne ina so.

Ɗalibarka, in har yanzu ka yarda.

*

Gaggawa,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki. Na zauna kamar yadda kika ce, na karanta, na tashi na zagaya ɗaki, na sake zama.

Zagi kike so, ba za ki samu ba, domin in na zage ki za ki ji sauƙi, kuma ba ki kai ga sauƙi ba tukuna. Raina ya ɓaci, wannan ki sani. Abin da ya fi ɓata min shi ne wai ni kike jin tsoro. Ni da na saurari busarki ta shekarar farko ban gudu ba? Da yarinyar ta hura ya fito kamar kukan agwagwa, da mun daidaita a kan agwagwar mun wuce, babu wanda zai tuna. Mummunan sauti aikina ne, shi nake gyarawa tun kafin a haife ki. Shiru ne ban san ta inda zan kama shi ba.

Kada kuma ki ɗauka kin sauke min nawa. Hannunki bai sa ni yin barkwanci ba, bakina ne. Ana cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu namu ya sha bamban. Mu uku kowa ya hau nasa tudun yana ihu nawa ne, nawa ne, yarinya kuma tana ƙasa ita kaɗai da akwati. Ya isa haka.

Ba wurina za ki tuba ba, ba ni kika yi wa ba. Matar nan tana kwana a tsaye kan marasa lafiya tana ɗauke da kayan da rabinsa naki ne. Ki rubuta mata kamar yadda kika rubuto min, kada ki rage, kada ki sa masa zuma. In ta kai ki ƙara wurin shugaba, hakkinta ne. Sauran ’yan adon naki kuma, daga gobe kowa ya hura, ko rufin zai tsage. In shugaba ya mai da ɗakin sito, ku koma gindin bishiya.

Babbar mai sarewata, wadda yarinyar ta zauna kusa da ita, ta dame ni da tambaya. Ta ce in an yarda za ta riƙa zuwa ranar da ba ta da darasi, su zauna su biyu. Amma wannan sai yarinyar ta so. Kada a ja ta. An yi mata umarni ya isa.

Matata tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki ki ci abinci, yunwa ba ta biyan bashin kowa.

Malaminki. Har yanzu.

*

Zuwa ga Maman Shalele.

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya aiki, ya yara. Allah ya saka miki da alheri a kan hidimar da kike yi wa bayinsa. Ki gafarce ni na jinkirta amsa. Ba aiki ne ya hana ni ba, kunya ce.

Kin nemi in yafe muku. Babu abin da zan yafe, ni ce mai nema. Shalele ba ta hurawa a makaranta. Ni na hana ta. Da na ji sautinta bai yi ba, maimakon in zauna da ita sai na sa ta cikin yaran da ke motsa yatsu kawai don a ga yawa. Ranar rabon kyaututtuka da kika hana kanki barci kika zo, ba ta busa ko ɗaya ba. Waƙar da kika ji ta wasu ce. Na san abin da wannan zai yi wa hoton da ke jikin firij ɗinki, amma ba zan bar ki da shi a kan ƙarya ba.

A jami'a ma ba tsoro ne ya kama ta ba. Ina da alamar da nake yi musu in ina so su yi shiru, taɓa ɗan kunne. Da aka tsayar da ita ta juyo wajena, na yi mata alamar, don kada ta busa abin da zai ba ni kunya a gaban malamina. Ta bi umarnina, aka yi mata dariya, ina zaune.

Na gaya wa shugaba duk wannan. Bai ji daɗi ba, maganar ɗakin kiɗa ma yanzu tana hannunsa, amma ya yarda sarewar ta zauna a wurinku har ƙarshen zango. Sauran yaran sun fara hurawa, malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya daina gaishe ni. Akwai kuma ɗalibar jami'a, wadda Shalele ta zauna kusa da ita, tana so ta riƙa zuwa su yi tare. In Shalele ba ta son ganina, zan ba su mabuɗi in fita.

Na tare ta jiya a baranda. Kafin in buɗe baki ta rusuna ta gaishe ni, ta ce ba komai Malama, ta wuce. Ban bi ta ba. Shi ya sa nake roƙonki, in kin ga ya dace, ki karanta mata wannan. Ina so ta ji cewa ba a taɓa ba ta dama ba, balle a ce ba ta iya ba. In kuma kin ga kada in sake kusantar ’yarki, ba zan ce kin zalunce ni ba.

Ina jiran duk abin da kuka yanke. Allah ya huci zuciyarki.

Malamar kiɗa.

*

Malama,

Salamu alaikum, ina gaisuwa. Saƙo ya iso.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na rasa dai wa zan fara yi wa, ke ko ni, sai na haƙura na kira ta na karanta mata. Ta saurara har na zo wurin ɗan kunne. Nan ta tsayar da ni.

Ta ce, "Mama, ni ban ga Malama ba. Fitila ta haske min tabarau, ban ga kowa ba."

Na ce to me ya hana ki hurawa?

Ta ce, "Ai ba sai an ce min kada in hura ba."

Ta kuma ce in gaya miki kada ki damu, ba ke ba ce. Na faɗa miki kamar yadda ta faɗa.

Maganar ɗalibar jami'a ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ni na roƙi a mai da ni aikin safe, an yarda. Na sauko da akwatin daga saman kabad na ajiye a kan gadonta, na fita. Jiya da rana ina falo ina ninke kaya na ji ta buɗe shi. Na ajiye kayan, na kashe fanka, na saurara.

Ban ji komai ba tukuna. In na ji zan sanar da ke.

Ki huta lafiya.
Maman Shalele.